Ƙuri'ar Jama'a da Ƙuri'ar Wakilai: Yadda Ake Zaɓen Shugaban Ƙasa a Amurka

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016, Hillary Clinton ta fi Donald Trump yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 2.9, amma Trump aka rantsar a matsayin shugaban ƙasar Amurka. Ba maguɗi aka yi ba, haka dokar ƙasar ta tanada. Wannan al'amari yakan ɗaure wa mutane kai, musamman waɗanda suka saba da cewa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne ya ci zaɓe. Ɗalibin harshe ma ba a bar shi a baya ba, domin da zarar an ba shi labarin zaɓen Amurka ya fassara, sai ya yi karo da kalmomin da ba zai iya fassara su daidai ba sai ya fahimci tsarin da ya haife su.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda tsarin yake aiki, da asalinsa, da dalilin da ya sa sakamakonsa yakan saɓa wa ƙuri'ar jama'a. Daga ƙarshe za a kwatanta shi da na Nijeriya, wadda ta ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, amma ta bi wata hanya daban wajen zaɓen shugaban.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Ƙuri'ar jama'a ita ce jimillar ƙuri'un da 'yan ƙasa suka kaɗa wa kowane ɗan takara a faɗin ƙasa baki ɗaya. Ƙuri'ar wakilai kuwa ita ce wadda wasu keɓaɓɓun mutane 538 suke kaɗawa a madadin jihohinsu, kuma da ita ce doka take aiki wajen tabbatar da wanda ya ci. A wannan maƙala za a riƙa kiran waɗannan mutane “wakilan zaɓe”, domin a bambanta su da 'yan Majalisar Wakilai, waɗanda aikinsu shi ne yin doka.

A kafafen yaɗa labarai na Hausa akan ji ana kiran wannan rukuni na mutane “kwalejin zaɓe”. Wannan fassara ce ta kalma da kalma, kuma tana iya rikita mai sauraro, saboda a wurin Bahaushe kwaleji makaranta ce mai ajujuwa da malamai. Asalin kalmar daga Latin take, inda take nufin jama'ar da aiki ɗaya ya haɗa su. Wato babu wani gini ko ofis da ake kira da wannan suna. Hasali ma, wakilan ba sa taruwa a wuri guda, kowane rukuni a jiharsa yake zama. Shi kansa kundin tsarin mulkin Amurka bai yi amfani da kalmar kwaleji a wannan batu ba, masu zaɓe kawai ya ambata. Saboda haka “wakilan zaɓe” ta fi isar da ma'ana ga Bahaushe.

3.0 Yadda Ake Raba Wakilan

Kowace jiha tana samun wakilan zaɓe daidai da yawan 'yan majalisar tarayya da take da su. Majalisar Dattawa tana da kujeru 100, biyu ga kowace jiha daga cikin jihohi 50, komai girmanta ko ƙanƙantarta. Majalisar Wakilai tana da kujeru 435, waɗanda ake rabawa gwargwadon yawan jama'a, kuma akan sake rabon bayan ƙidayar da ake yi duk shekara goma. Idan aka haɗa 100 da 435 an sami 535. Sauran ukun na birnin tarayya ne, wato Washinton, wanda gyaran tsarin mulki na 23 ya ba shi su a shekarar 1961. Jimilla 538 ke nan. Wanda zai zama shugaba sai ya sami fiye da rabi, wato 270.

Bisa rabon da aka yi bayan ƙidayar 2020, jihar Kalifoniya tana da wakilai 54, Teksas 40, Fulorida 30, New York 28. Jihohi marasa yawan jama'a irin su Wyoming da Vermont da Alaska suna da uku-uku, domin ba a ba wata jiha ƙasa da haka. Yankunan da Amurka take mulka amma ba jihohi ba ne, kamar Puerto Rico mai mutane fiye da miliyan 3, ba su da wakili ko ɗaya.

4.0 Matakan Zaɓen

Mataki na farko shi ne tsayar da wakilai. Kafin zaɓe, kowace jam'iyya takan fitar da jerin sunayen amintattunta a kowace jiha. Doka ta hana sanata ko ɗan Majalisar Wakilai ko mai riƙe da muƙamin gwamnatin tarayya zama wakilin zaɓe.

Mataki na biyu shi ne ranar zaɓe, wato Talatar da ta biyo bayan Litinin ɗin farko ta watan Nuwamba. Mai zaɓe yakan ga sunan ɗan takarar shugaba a kan takardar ƙuri'a, amma a doka jerin wakilan jam'iyyar ɗan takarar yake zaɓa.

Mataki na uku, a tsakiyar Disamba wakilan da suka yi nasara sukan haɗu a jihohinsu, galibi a babban birnin jiha, su kaɗa ƙuri'a ɗaya ga shugaba, ɗaya ga mataimaki. A ranar 6 ga Janairu majalisun tarayya biyu sukan zauna tare a ƙirga ƙuri'un, sannan a rantsar da shugaba ranar 20 ga Janairu.

Idan babu wanda ya kai 270, Majalisar Wakilai ce za ta zaɓi shugaba daga cikin mutum uku da suka fi yawan ƙuri'un wakilai. A wannan zama kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, wato Wyoming da Kalifoniya sun zama daidai. Majalisar Dattawa kuma ita za ta zaɓi mataimaki.

5.0 Wanda Ya Ci Ya Kwashe Duka

A nan ne gizo yake saƙar. A jihohi 48 da birnin tarayya, ɗan takarar da ya zo na ɗaya a jiha, ko da da ƙuri'a guda ya yi rinjaye, shi zai kwashe dukan wakilan jihar. Jihohi biyu ne kawai suka bambanta, Maine tun 1972 da Nebraska tun 1992. Su sukan ba wanda ya ci jiha baki ɗaya wakilai biyu, sauran kuma a ba wanda ya ci kowace mazaɓar Majalisar Wakilai. Da haka ne Barack Obama ya sami wakili ɗaya a Nebraska a 2008, ko da yake bai ci jihar ba.

Domin a ga tasirin wannan ƙa'ida, a ɗauka akwai wata ƙasa mai jihohi uku, kowace tana da masu zaɓe 100 da wakilai 3. Ɗan takara na farko ya sami ƙuri'a 51 a jiha ta ɗaya, 51 a ta biyu, 10 a ta uku. Na biyu ya sami 49 da 49 da 90. A ƙuri'ar jama'a na farko yana da 112, na biyu yana da 188. Amma a ƙuri'ar wakilai na farko yana da 6, na biyu yana da 3, don haka na farko ne shugaba. A lura cewa jihohin nan uku girmansu ɗaya, babu wadda aka fifita a rabo. Abin da ya faru shi ne, ƙuri'un na biyu sun taru a wuri ɗaya sun yi masa yawa, na farko kuwa nasa sun faɗa daidai inda ake buƙatarsu.

Ke nan a Amurka ba zaɓe ɗaya ake yi ba, zaɓuɓɓuka ne daban-daban a jihohi 50 da birnin tarayya, sannan a haɗa sakamakonsu. Abin lura kuma shi ne, kundin tsarin mulki bai wajabta wannan ƙa'ida ta kwashe duka ba. Abin da ya ce shi ne majalisar kowace jiha ta tsara yadda za a naɗa wakilanta. Jihohin ne da kansu suka rungume ta sannu a hankali, domin jam'iyyar da ke da rinjaye a jiha ba ta son a raba ganima da abokiyar hamayya. Zuwa 1836 duk jihohi sun koma wannan hanya, ban da South Carolina, inda majalisar jiha ta ci gaba da naɗa wakilai har zuwa 1860.

6.0 Asalin Tsarin

An tsara wannan hanya ne a taron rubuta tsarin mulki da aka yi a birnin Filadalfiya a 1787. Mahalarta taron sun daɗe suna muhawara a kan wanda zai zaɓi shugaba. Wasu sun ce majalisa, amma aka ji tsoron kada shugaba ya zama yaron 'yan majalisa. Wasu, irin su James Wilson na Pennsylvania, sun so jama'a su zaɓa kai tsaye. Masu suka suka ce ƙasar tana da faɗi, sadarwa tana da wuya, mutane ba za su san 'yan takara daga jihohi masu nisa ba. Ƙananan jihohi kuma suna gudun kada manya su danne su.

Akwai kuma batun bauta. Jihohin kudu suna da bayi masu yawa waɗanda ba su da ikon zaɓe. Da za a yi zaɓe kai tsaye, da yawan bayin bai amfani kudu da komai ba, kuma James Madison da kansa ya kawo wannan a matsayin cikas a wurin taron. Amma da yake an amince a ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujerun Majalisar Wakilai, sai wannan ya ƙara wa kudu wakilan zaɓe. A cikin shekaru 36 na farko, 'yan jihar Virginia, wadda ta fi kowace jiha yawan bayi, su suka riƙe shugabanci na shekara 32.

Tsarin farko bai daɗe ba ya nuna rauni. Da fari kowane wakili yakan kaɗa ƙuri'a biyu ba tare da bambanta shugaba da mataimaki ba. A zaɓen 1800, Thomas Jefferson da abokin takararsa Aaron Burr suka yi kunnen doki da ƙuri'a 73 kowannensu, sai da Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya fita. Wannan ya sa aka yi gyara na 12 a 1804, aka raba ƙuri'un biyu.

7.0 Lokutan da Sakamakon Ya Saɓa

Sau biyar a tarihin Amurka wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a bai zama shugaba ba.

(a) 1824: Andrew Jackson ya zo na ɗaya, amma babu wanda ya sami fiye da rabin wakilai. Majalisar Wakilai ta zaɓi John Quincy Adams.

(b) 1876: Samuel Tilden ya fi ƙuri'un jama'a. Bayan doguwar taƙaddama a kan sakamakon wasu jihohi, aka ba Rutherford Hayes nasara da wakilai 185 a kan 184.

(c) 1888: Grover Cleveland ya fi ƙuri'un jama'a, amma Benjamin Harrison ya sami wakilai 233 a kan 168.

(d) 2000: Al Gore ya fi George W. Bush da ƙuri'a fiye da dubu 500 a faɗin ƙasa. Sai dai Bush ya ci Fulorida da ratar ƙuri'a 537 kacal, ya kwashe wakilanta 25. Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirga ranar 12 ga Disamba, Bush ya tashi da 271, Gore 266.

(e) 2016: Clinton ta ci Kalifoniya da ratar fiye da miliyan 4, amma da ratar dubu ɗaya ce ma wakilan da za ta samu ba za su canja ba. Trump kuwa ya ci Michigan da Pennsylvania da Wisconsin da ratar da jimillarta ba ta kai dubu 80 ba, ya sami wakilansu 46. Sakamakon ƙarshe shi ne 304 da 227, bayan wakilai bakwai sun ƙi zaɓen wanda aka tura su su zaɓa. A 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha tana da ikon tilasta wa wakilanta cika alkawari.

Ko a lokacin da sakamakon biyu suka dace, ƙuri'ar wakilai takan kambama rata. A 1984 Ronald Reagan ya sami kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, amma ya kwashe wakilai 525. A 1992 Ross Perot ya sami kusan kashi 19 cikin ɗari, bai sami wakili ko ɗaya ba. A 2024 Trump ya ci duka biyun, da wakilai 312 a kan 226 na Kamala Harris, alhali ƙuri'un jama'a da ya samu ba su cika rabi ba.

8.0 Hujjojin Ɓangarori Biyu

Masu goyon bayan tsarin suna cewa Amurka tarayyar jihohi ce, don haka ya kamata jihohi su kasance da murya wajen zaɓen shugaba. Suna cewa yana tilasta wa ɗan takara neman goyon baya a sassa daban-daban, maimakon ya dogara da yankin da ya fi ƙarfi. Har ila yau, idan rikici ya taso yakan tsaya a jiha ɗaya ko biyu. Da ƙuri'ar jama'a ake amfani da ita, kuma rata ta yi ƙanƙanta, da sai an sake ƙirga a ƙasar baki ɗaya.

Masu suka kuwa suna cewa ƙuri'un 'yan ƙasa ba su da nauyi ɗaya. Bisa ƙidayar 2020, wakili guda a Wyoming yana tsayawa ne a madadin mutum kusan dubu 190, alhali a Kalifoniya sama da dubu 700 ne. Bugu da ƙari, yaƙin neman zaɓe yakan tattara a 'yan jihohin da ba a san inda za su faɗa ba. A 2024 jihohi bakwai ne aka fi mayar da hankali a kansu: Pennsylvania, Jojiya, North Carolina, Michigan, Arizona, Wisconsin da Nevada. Ɗan Rifablikan a Kalifoniya, ko ɗan Dimokurat a Wyoming, ya san tun kafin ya fita cewa ƙuri'arsa ba za ta kawo wa gwaninsa wakili ba. Wannan suka ta biyu ta fi ƙarfi, domin ta nuna cewa ba ƙananan jihohi ne suka fi cin moriyar tsarin ba, jihohin da jam'iyyu biyu suke kankankan ne.

Sauya tsarin yana da wuya, saboda gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, da amincewar jihohi 38. A 1969 Majalisar Wakilai ta amince da komawa zaɓe kai tsaye da ƙuri'a 338 a kan 70, amma ƙudurin ya mutu a Majalisar Dattawa a 1970. Daga 2007 wasu jihohi, da Maryland a kan gaba, suka fara shiga wata yarjejeniya ta ba wanda ya ci ƙuri'ar jama'a ta ƙasa dukan wakilansu. Sharaɗin fara aikinta shi ne wakilan jihohin da suka shiga su kai 270. Zuwa ƙarshen 2024, jihohi 17 da birnin tarayya ne suka shiga, masu wakilai 209.

9.0 Kwatanci da Nijeriya

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Nijeriya na 1979 su ma sun damu da kada yanki ɗaya ya naɗa shugaba shi kaɗai. Sai dai ba su ɗauko wakilan zaɓe ba. Sun bar ƙuri'ar jama'a kai tsaye, suka ɗora mata sharaɗi. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya riƙe wannan sharaɗi: ɗan takara sai ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi. Idan ba a sami wanda ya cika duka biyun ba, sai a je zagaye na biyu.

Wannan ma bai tsira daga gardama ba. A 1979 jihohi 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, bai cika kashi 20 cikin ɗari ba. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, yana cewa kashi biyu cikin uku na 19 jihohi 13 ne. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake buƙata a jiha ta 13 shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, wato ɗaya bisa shida. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari a watan Satumba na 1979. Haka kuma a 2023 aka yi jayayya a kan ko dole ne ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a Abuja, Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne. Duka shari'o'in biyu a kan fassarar 'yan kalmomi aka yi su, abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi.

Babban bambancin shi ne, a Nijeriya ƙuri'ar da aka kaɗa wa wanda ya faɗi a jiha ba ta ɓace ba, tana shiga jimillarsa ta ƙasa, tana kuma taimaka masa wajen cika sharaɗin jihohi. A Amurka kuwa aikinta ya ƙare a iyakar jiha.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa shugaban Amurka yana fitowa ne daga ƙuri'un wakilai 538, inda ake buƙatar 270, kuma jimillar ƙuri'un jama'a ta ƙasa ba ta da matsayi a doka. An ga cewa kujeru biyu na Majalisar Dattawa suna ƙara wa ƙananan jihohi nauyi, amma abin da ya fi kawo saɓani shi ne ƙa'idar wanda ya ci ya kwashe duka, wadda jihohi suka ɗora wa kansu, kuma suna da ikon sauya ta ba tare da an taɓa tsarin mulki ba. Saboda haka mai fassara ko mai ba da labarin zaɓen Amurka ya kula da abu biyu: ya faɗi a fili wace ƙuri'a yake magana a kanta, ta jama'a ko ta wakilai, kuma kada ya ce wane “yana kan gaba” sai ya bayyana a wane ma'auni.